Sarkin Yawa Da Sarkin Ƙarfi: Amsar Da Na Ci Bashin Wani Ɗalibina

Makonni kaɗan bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, ina cikin yi wa ɗalibai 'yan aji uku darasi a kan dangantakar hukuma da talakawa, sai wani da ke zaune can baya ya ɗaga hannu. Yaro ne mai natsuwa, ba ya cikin masu yawan magana. Ya ce, "Malam, a gafarce ni, amma ni a ganina duk wannan bayanin na cikin littafi ne. Ken Saro-Wiwa da alƙalami da taron lumana ya yi gwagwarmaya, aka rataye shi. Tsagerun Neja Delta suka fasa bututun mai, suka yi ta sace Turawa, aka yi musu afuwa, aka yanka musu albashi. To wace hanya ce ta yi aiki?" Ajin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan aka ɗauki tafi.

A ranar ban ba shi amsar da ta gamsar da ni kaina ba, domin abin da ya faɗa yana nan a tarihi. An rataye Saro-Wiwa da abokan gwagwarmayarsa takwas a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba, 1995, a zamanin Janar Sani Abacha. A 2009 kuwa marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa masu ɗauke da makamai afuwa, aka riƙa biyan kowannensu naira dubu 65 a wata, a lokacin da mafi ƙarancin albashin ma'aikacin gwamnati bai kai naira dubu goma ba. Duk malamin da ya gaya wa matashi cewa lumana kullum tana biya, kuma tashin hankali bai taɓa sama wa kowa komai ba, to yaudararsa yake yi, kuma matashin zai gane. Wannan rubutu shi ne amsar da na ci bashinsa. Zan bi ta Sudan, domin a can shugaba ɗaya ne ya fuskanci hanyoyin biyu, abin da ya sa kwatancin zai fi adalci.

Sudan ba baƙuwarmu ba ce. Ta nan kakanninmu suka bi da ƙafa zuwa aikin Hajji, wasu suka zauna, har yau ga Hausawa nan a Mai Wurno da Kassala da Gadarif, kuma ɗalibanmu da dama a Khartum suka yi karatu. Umar Hassan al-Bashir ya ƙwace mulkin ƙasar ranar 30 ga Yuni, 1989. A 2003 'yan tawayen Darfur suka ɗauki makamai suna kukan wariya da danniya, kuma kukan nasu yana da tushe. Gwamnati ta mayar da martani ta hanyar bai wa mayaƙan sa-kai da ake kira Janjawid makamai, aka ƙone ƙauyuka, aka kashe na kashewa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutanen da suka mutu sun kai dubu 300, fiye da miliyan biyu kuma suka bar gidajensu. A watan Mayun 2008 mayaƙan ƙungiyar JEM ta Khalil Ibrahim suka keto hamada a cikin motoci, suka shigo har Omdurman, wato kogin Nilu kaɗai ya raba su da fadar shugaban ƙasa. Aka fatattake su cikin kwana ɗaya zuwa biyu, sannan jami'an tsaro suka bi unguwanni suna kame 'yan asalin Darfur da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A 2009 kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta ba da sammacin kama al-Bashir. Duk da haka ya sake shekara goma a kan kujerarsa.

Abin da ya kawo ƙarshensa burodi ne. A watan Disambar 2018 farashin burodi ya ninka sau uku, daga fam ɗaya zuwa fam uku, mutanen Atbara, garin ma'aikatan jirgin ƙasa, suka fito kan titi ranar 19 ga wata. Ba zan ɓoye ba, a ranar farko an cinna wa ofishin jam'iyya mai mulki wuta. Da abin ya ci gaba a haka, da an murƙushe shi kamar yadda aka murƙushe boren Satumbar 2013, wanda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce an kashe kusan mutum 200 a cikinsa, kuma bai haifar da komai ba. Bambancin da aka samu a wannan karon shi ne an sami waɗanda suka kama ragamar tafiyar. Ƙungiyar ƙwararrun ma'aikata ta Sudan, wadda ta haɗa likitoci da lauyoyi da malamai da injiniyoyi da 'yan jarida, ita ce ta riƙa fitar da jadawali: yau za a taru a wuri kaza da ƙarfe ɗaya, gobe likitoci za su shiga yajin aiki, jibi za a yi zaman makokin waɗanda aka kashe. A ƙasa kuma akwai kwamitocin unguwanni, matasan da kowa ya san gidansu, su ne ke isar da saƙo ƙofa-ƙofa idan an katse intanet. Kalmar da aka fi ji a bakin masu zanga-zangar ita ce "silmiyya", wato ta lumana ce. Ana harbinsu suna maimaita ta, har tsawon wata huɗu.

Ranar 6 ga Afrilu, 2019 suka yi wata dabara da ta cancanci a tsaya a kanta. Maimakon su nufi fadar shugaban ƙasa, sai suka nufi hedikwatar sojoji, suka yi zaman dirshan a ƙofarta. Ranar ba a banza aka zaɓe ta ba, domin a irinta ce a 1985 sojoji suka goyi bayan jama'a aka sauke Ja'afar Numairi. Saƙon a fili yake: ga mu mun zo gidanku, ku zaɓa tsakaninmu da shi. Da jami'an leƙen asiri suka zo cikin dare don tarwatsa taron, sai wasu ƙananan hafsoshi da sojoji suka tsaya suka kare jama'a, har aka yi musayar wuta tsakanin jami'an gwamnati ɗaya. Daga nan manyan hafsoshi suka ga rundunar na neman darewa gida biyu a hannunsu. Ranar 11 ga Afrilu suka sauke al-Bashir. Janar Awad Ibn Auf da ya maye gurbinsa kwana ɗaya tak ya yi, jama'a suka ce ba su yarda ba, shi ma ya sauka. Abin da mayaƙa suka shekara goma sha shida suna nema da bindiga, malaman makaranta da likitoci da mata masu sayar da shayi suka cim masa a cikin wata huɗu.

Me ya sa? A nan ne nake ganin mafi yawanmu muke kuskuren fahimtar lamarin, domin mukan ɗauka tambaya ce ta tarbiyya, wato wane ne mutumin kirki, wane ne ɗan ta'adda. Ni a wajena tambaya ce ta yadda mulki yake tsayuwa. Babu shugaban da ke mulki shi kaɗai. Yana buƙatar sojan da zai yi harbi, da direban da zai kai sojan, da akawun da zai biya su albashi, da ma'aikacin bankin da zai fitar da kuɗin, da alƙalin da zai ɗaure wanda aka kama, da attajirin da zai ci gaba da shigo da kaya. Ranar da waɗannan suka janye hannunsu, umarninsa ya zama magana kawai. Harsashin ɗan tawaye yana ƙara manne waɗannan mutane ga shugaba. Sojan da ake harbi ransa yake karewa, ba shi da lokacin tunanin ko gwamnatin da yake wa aiki azzaluma ce. Attajirin da aka ƙone wa shago shi ne zai fara roƙon a kawo sojoji. Amma sojan da aka umarta ya buɗe wuta a kan taron da ƙanwarsa da malaminsa na firamare suke ciki, kuma babu mai riƙe da ko sanda, dole zuciyarsa ta yi rawa. Ba kullum yake ƙin bin umarni ba, amma ƙofar a buɗe take.

Sannan ga batun yawa. Yaƙi na samari ne masu jini a jika, waɗanda za su iya barin gida su shiga daji. Tsohuwa ba za ta ɗauki bindiga ba, amma za ta iya rufe rumfarta ta kasuwa. Magidanci mai 'ya'ya bakwai ba zai bi 'yan tawaye ba, amma zai iya zama a gida ranar yajin aiki. Hausawa da suka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, sun riga malaman kimiyyar siyasa gano wannan.

Malaman sun zo daga baya da alƙaluma. A littafin da suka wallafa a 2011, wasu masu bincike biyu 'yan Amurka, Erica Chenoweth da Maria Stephan, sun bi diddigin gwagwarmaya 323 da aka yi a duniya tsakanin 1900 da 2006, masu neman kawar da gwamnati ko korar 'yan mamaya ko ɓallewa. Sun samu cewa kashi 53 cikin 100 na waɗanda suka bi hanyar lumana sun yi nasara, na masu makami kuwa kashi 26. Daga wannan aiki ne aka samo zancen nan da matasa ke yawan yaɗawa, cewa idan kashi 3.5 cikin 100 na al'umma suka fito, gwamnati ba ta iya tsayawa. Ina jan hankalin mai karatu da kada ya mai da wannan laya. Kashi 53 na nufin kusan rabi ba su kai ga buri ba. A Bahrain a 2011 an wuce wannan adadi, kuma masarautar tana nan daram. Ita kanta Chenoweth ta nuna daga baya cewa nasarar gwagwarmayar lumana ta ragu tun daga 2010, domin gwamnatoci su ma sun koyi darasi, masu fafutuka kuma sun dogara da tara jama'a ta waya, sun yi sakaci da gina ƙungiya. A ƙasa irin tamu mai mutum fiye da miliyan 200, kashi 3.5 ya haura mutum miliyan bakwai. Ba a tara wannan da saƙon WhatsApp na mako biyu.

Na san abin da ɗalibina zai ce: to Malam, ina Sudan ɗin take yau? Tambaya ce mai zafi. Ranar 3 ga Yunin 2019, a ƙarshen azumi, dakarun da suka haɗa da na RSF suka afka wa masu zaman dirshan, suka kashe fiye da mutum ɗari bisa ƙididdigar kwamitin likitoci, aka tsamo gawawwaki daga kogin Nilu. Jama'a ba su ɗauki makami ba. Sun rufe kasuwanni da bankuna, sannan ranar 30 ga Yuni suka sake cika tituna duk da an katse intanet, har sojoji suka yarda da raba mulki a watan Agusta, Abdalla Hamdok ya zama firaminista. Ranar 25 ga Oktoban 2021 Janar Abdel Fattah al-Burhan ya rushe yarjejeniyar. Ranar 15 ga Afrilun 2023 kuma yaƙi ya ɓarke tsakanin rundunar soja da RSF, yaƙin da ya raba miliyoyin mutane da gidajensu.

Abu biyu nake gani a nan. Na farko, waɗanda suka rusa Khartum ba masu kiran "silmiyya" ba ne. RSF ɗin nan ta Muhammad Hamdan Dagalo daga Janjawid aka ƙera ta a 2013, wato 'yar cikin yaƙin Darfur ce. Tawayen bai kawar da al-Bashir ba, sai ma ya ba shi dalilin kiwon kurar da daga baya ta cinye gari. Na biyu, wanda ya fi yi mini ciwo, shi ne lumana ta fi iya tumɓuke shugaba fiye da riƙe abin da aka samu. Sau uku mutanen Sudan suna kawar da mulkin soja da hannu biyu, a 1964 da 1985 da 2019, sau uku kuma sojoji na dawowa, a 1969 da 1989 da 2021. Haɗuwa a kan "ba ma so" abu ne mai sauƙi. Da aka zo kan yadda za a tafiyar da ƙasa, kawunan farar hula sun rabu, masu bindiga kuma suna gefe suna jira.

Ban ce makami bai taɓa cin nasara ba. Aljeriya ta kori Faransa da yaƙin 1954 zuwa 1962, bayan asarar dubban ɗaruruwan rayuka, kuma ba ni da bakin da zan yi wa mutanen da aka ƙwace wa ƙasa aka hana su kowace kafa wa'azin haƙuri. Kudancin Sudan ma da yaƙi ta sami 'yanci a 2011. Sai dai a duba abin da ya biyo baya. Shekara uku da 'yancin Aljeriya, Kanar Houari Boumediene ya yi juyin mulki, kuma tun daga nan sojoji ne ke da ta cewa a ƙasar. Kudancin Sudan ta faɗa yaƙin basasa a Disambar 2013, tsakanin mutanen da jiya suke daji ɗaya. Wanda ya hau mulki da bindiga ya riga ya koyi hanya ɗaya ta warware saɓani, kuma da wuya ya manta ta ranar da aka rantsar da shi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana duka biyun. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, bayan an haramta ta a 1959, ta tura mayaƙa cikin ƙasar a ƙarshen 1964 da fatan talakawa za su tashi. Ba su tashi ba. Gwamnatin Diori Hamani ta murƙushe yunƙurin, ta bi magoya bayan jam'iyyar da kisa da ɗauri, mulkin jam'iyya ɗaya ya ƙara ƙarfi. A ranar 9 ga Fabrairun 1990 kuwa ɗalibai ne ba makami suka hau gadar Kennedy a Yamai, jami'an tsaro suka harbe uku daga cikinsu. Ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga da yajin aiki, Janar Ali Saibou ya sassauto, aka yi babban taron ƙasa na 1991 wanda ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa.

A nan gida ma muna da abin dubawa. Matan Abeokuta, ƙarƙashin jagorancin Funmilayo Ransome-Kuti, sun ƙi biyan harajin da aka ɗora wa mata, suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fadar Alake, dubbansu, suna kwana a can, har sarkin ya sauka daga gadon sarauta a Janairun 1949 aka kuma soke harajin. Ƙarfinsu daga kasuwa ya fito, domin su ne ke ciyar da gari, kuma suna da ƙungiya mai rajista da kuɗin shiga. A Janairun 2012, da gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin mai lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, tituna sun cika a Kano da Legas da Kaduna, amma abin da ya sa gwamnati ta dawo da farashin naira 97 shi ne yajin aikin gama-gari na mako guda, da barazanar ma'aikatan mai ta rufe rijiyoyi. Rabin nasara ce, na yarda, amma nasara ce da kowa ya gani a gidan mai.

Sai a kwatanta da Agustan 2024. Yunwar gaskiya ce, fushin ma na gaskiya ne. Amma wa ya kira? Wa zai ce a tsaya a tsaya? Wace buƙata guda ce za a ce idan an biya ta an ci nasara? A Kano tun ranar farko ɓata-gari suka fasa cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa suka kwashe kaya, aka sa dokar hana fita, 'yan kasuwar da ya kamata su zama ƙashin bayan tafiyar suka koma gadin shagunansu. Da tutar Rasha ta bayyana kuwa, an miƙa wa hukuma abin da take nema a faranti: zancen ya tashi daga farashin masara ya koma cin amanar ƙasa. Wannan ba ya wanke jami'an da suka yi harbi. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24, kuma duk mun ga hotunan yaran da suka yanke jiki suka faɗi a gaban kotu a Abuja a farkon Nuwamba, bayan kusan wata uku a tsare. 'Ya'yan talakawa ne suka biya kuɗin, tsadar kuma tana nan inda take. Abin da muka yi a watan nan bai cika sharuɗɗan gwagwarmayar lumana ba, bai kuma kai tawaye ba. Fushi ne da ba shi da makiyayi.

Yanzu bari in koma kan Saro-Wiwa. Ranar 4 ga Janairun 1993 ƙungiyarsa ta MOSOP ta fito da mutanen Ogoni kimanin dubu 300 cikin lumana, kuma a shekarar kamfanin Shell ya dakatar da haƙar mai a ƙasar Ogoni. Ƙaramar ƙabila ce ta yi wannan ba tare da harsashi ba. Abin da gwamnatin soja ta fake da shi ta kama shi kuwa shi ne kisan da wasu gungun matasa suka yi wa dattawan Ogoni huɗu a watan Mayun 1994. Duniya ta yi tir da shari'ar da aka yi masa, har aka dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, amma jinin da aka zubar daga cikin gida shi ya buɗe wa azzalumi ƙofa. Su kuma tsagerun da aka yi wa afuwa, me suka samo? Alawus ga mutum kimanin dubu 30, da kwangiloli ga manyansu. Masuncin da mai ya kashe wa kifi bai shiga lissafi ba. Bindiga takan sama wa mai riƙe da ita rabo, wannan gaskiya ne, amma rabon mai bindiga daban, gyaran al'umma daban. Darasin kuma ya ƙetaro Arewa, inda yau ake jin masu cewa a yi wa 'yan bindigar dajin Zamfara da Katsina irin waccan afuwa, manomin da aka hana noma kuwa ko kujera ba shi da ita a wurin sulhun.

Bayan wasu kwanaki ɗalibin nan ya same ni a ofis, muka ci gaba da muhawarar. Na tambaye shi: a unguwarku, masu shago nawa ne da direbobi nawa za su ajiye aiki kwana uku idan kai da abokanka kuka ce a ajiye? Kuma a kwana ukun nan, wa zai ciyar da iyalansu? Na ba shi labarin baƙaƙen fatan Montgomery a Amurka, da suka ƙaurace wa motocin haya na birni kwana 381 daga Disambar 1955, abin da bai yiwu ba sai da suka tsara motocin da za su riƙa kai mutane wurin aiki kullum, suka kuma tara kuɗin mai a majami'unsu. Ya yi shiru, sannan ya ce shi bai taɓa tunanin batun abincin ba. Sai kuma ya tuna mini da abin da ni na manta: a Janairun 2022 'yan adaidaita sahu a Kano sun ajiye baburansu saboda kuɗin sabunta rajista, birnin ya tsaya cik, ma'aikata da 'yan makaranta suka yi ta taka sayyada, cikin 'yan kwanaki hukuma ta zauna da shugabanninsu aka rage kuɗin. Ya ce yana so ya san yadda suka isar da saƙo tasha-tasha, da yadda suka yi da waɗanda suka so fitowa aiki a ɓoye, da abin da suka ci a kwanakin. A kan wannan yake rubuta kundin kammala digirinsa, kuma ya riga ya fara zagaya tashoshin da littafinsa.